WAI BABU ZAKI A MOLE: A TAMBAYI MAI SANDA KAFIN A RUFE LITTAFI



Maganar da muka ɗauko a wannan fitowa maganar zaki ce, kuma mun san wani zai yi dariya ya ce ina ruwan mutumin zango da zaki, alhali a Nima ko zomo ba a gani sai a keji. To, a yi mana haƙuri a saurara. Nima kanta shanu ne suka kafa ta. A shekarar 1931 Malam Amadu Futa, Bafillace mai fataucin shanu, ya sami wannan fili daga iyalin Odoi Kwao don ya riƙa ajiye dabbobinsa, a lokacin nan wurin daji ne a bayan birnin Ankara. Yau gidaje sun cinye makiyayar, amma dukiyar mutanen zango ba ta bar daji ba. Da yawa daga cikin alhazanmu garkensu na ƙasar Gwanja, ko filayen Afram, ko wajen Gushegu, a hannun yaran da ke kwana da su. Duk saniyar da aka sauke daga mota a Turaku ta Ashaiman, daga daji ta fito. In wani abu ya kashe maraƙi a gefen Damongo, asarar sai ta iso har Maamobi. Saboda haka maganar naman daji tamu ce, kuma muna da bakin faɗa a cikinta.

Tambayar da ake ta ja a kanta ita ce, shin akwai sauran zaki a ƙasar Gana ko babu? Bari mu fara da abin da takarda ta ce. Gandun Mole shi ne mafi girma a ƙasar nan, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500. An keɓe shi a 1958, aka mai da shi gandun ƙasa a 1971. A wani ƙiyasi da masana suka buga a 2004, an ba Mole zakuna kimanin 20, aka ba gandun Gbele kimanin 10. Wannan kuwa cinta ce aka yi, ba wanda ya bi su ɗaya-ɗaya ya ƙidaya. Daga 2006 zuwa 2009 wani mai bincike, Cole Burton, tare da ma'aikatan gandun, suka ɗaɗɗaura na'urorin ɗaukar hoto a jikin itatuwa a wurare sama da 200 cikin Mole. Suka sami hoton kura, suka sami na damisa, amma ko sau ɗaya zaki bai gifta ba, haka ma kyarkeci. A watan Janairun 2014 Philipp Henschel da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon binciken gandaye 21 na Afirka ta Yamma, suka ce a huɗu kaɗai aka tabbatar da zaki: Niokolo-Koba a Sanagal, da haɗakar W da Arli da Panjari a kan iyakar Benin da Burkina Faso da Nijar, sai Yankari da Kainji a Nijeriya. Duka-duka zakunan wajen 400 ne, kuma kusan kashi 90 cikin 100 suna cikin haɗakar nan guda. Sunan Mole bai fito ba.

Amma ba a nan maganar ta ƙare ba. A 2015 wani Bature ɗan Italiya, Francesco Angelici, da abokan aikinsa, waɗanda suka soma neman zakin Gana tun 2005, suka rubuta cewa ba su sami hujjar da za ta kashe gardama ba, amma sun tara alamun da ke nuna mai yiwuwa akwai 'yan tsiraru a Mole da kewayenta. Ka ga ke nan su kansu masu digiri ba su haɗu a kan baki ɗaya ba. A gefe guda kuma ga maharba da makiyaya, waɗanda lokaci-lokaci labarinsu ke biyo motocin shanu ya iso zango: wane ya ji ruri da asuba, wane ya ga sawu a bakin rafi, wane ya tarar da bijimi a kwance an kama shi a maƙogwaro.

Mu a wannan shafi ba za mu ɗauki Alƙur'ani mu rantse cewa akwai zaki a Mole ba. Mai yiwuwa ya ƙare, Allah ne masani. Abin da muke faɗa da babbar murya shi ne, hukuma ba za ta taɓa sanin gaskiyar abin da ke dajin ba muddin mutumin da ke kwana a dajin yana tsoron buɗe baki a gabanta. Ana cewa makiyayi ya kawo hujja, alhali an shirya abubuwa yadda ranar da ya kawo hujjar ita ce ranar da zai kwana a hannun hukuma. Wannan shi ne tushen ciwon, kuma laifinsa ba a wuyan mai sanda yake ba.

A duba yadda tarkon yake. Yaro mai kiwo ya wayi gari ya ga an kashe masa karsana, ga sawu kamar faifai a kan yashi. A ce ya yi niyyar alheri, ya taka har ofis. Tambayar farko da za a yi masa ita ce, a ina? In ya ce kusa da iyakar gandu, sai a ce me ya kai shanunka can, domin shigar da dabbobi gandun ƙasa laifi ne a doka. In maharbi ne ya kawo labarin, sai a ce me kake yi a dajin, ina lasin bindigarka, ko ba ka san daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta ba? In ya tsinci gashi ko haƙori ya kawo don a gani, to ya riƙe wani sashe na dabbar da doka ta haramta taɓawa. In an tambayi takardar ɗan ƙasa kuma sunansa Jallo ko Bari, wata sabuwar shari'a ta taso. A ƙarshe, ko an yarda da shi, shekara da shekaru ba a san hukuma da biyan diyyar dabbar da naman daji ya kashe ba. To, jama'a, wane mai hankali ne zai bar garkensa ya yi tafiyar yini don ya sayo wa kansa wannan? Sai ya yi shiru. Shi kuma jami'i ya buɗe littafinsa a ƙarshen wata ya rubuta cewa ba a kawo rahoton komai ba. Daga nan rahoton ya tafi Ankara, daga Ankara ya tafi Turai, a buga shi a matsayin ilmi.

Wannan tsoro kuwa ba daga sama ya faɗo ba, yana da tarihi. A zamanin Turawa, a arewacin ƙasar nan, gwamnati ce da kanta ta sa aka riƙa harbe namun daji da sunan yaƙi da ƙudan tsando mai kawo sammore, kuma yankin Mole na cikin wuraren da aka yi haka. Da ra'ayi ya juya, sai aka ce yanzu kuma naman daji abin tsarewa ne, aka tashi ƙauyukan da ke cikin gandun. Jiya umarni ya zo daga sama a kashe, yau umarni ya zo daga sama kada a taɓa, talaka dai nasa bi. Dattawan zango ba su manta da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta Nuwamban 1969 ba, wadda ta raba mutane da gidajensu da garkensu cikin mako biyu. A watan Afrilun 2006, jirgin ruwan da ya ɗauko mutanen da aka tasa daga tsibirin Dudzorme na gandun Digya ya kife a tafkin Volta, mutane da dama suka halaka. Ga kuma Operation Cow Leg, wanda a ƙarƙashinsa aka sha harbe shanu a wajajen Agogo, musamman bayan hukuncin babbar kotun Kumasi na Janairun 2012 da ya ce a fitar da su. Ba mu ce duk wannan aikin Sashen Kula da Namun Daji ba ne. Amma a idon yaron da ke bayan shanu, kaki kaki ne, bindiga bindiga ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Abin da ya ƙara ba mu haushi shi ne, mun ga yadda ƙafar hukuma ke da sauri in mai kukan yana da gata. A watan Mayun 2022, mazauna wata unguwar masu hali a nan Ankara suka yi kukan cewa wani attajiri na ajiye da damisoshin Asiya guda biyu, masu ratsi-ratsi, a maƙwabtakarsu. Kafin ka ce kwabo 'yan sanda sun shiga maganar, jami'an namun daji sun je sun duba, gidajen rediyo sun ɗauka. Ba wanda ya ce wa mazauna unguwar su fara nuna takardar haihuwa. Haka ya kamata a yi, ba mu yi musu baƙin ciki ba. Muna tambaya ne kawai, kukan da aka yi daga bene da kukan da aka yi daga ruga, wanne ne ba na ɗan Adam ba?

Kada a zaci wannan cuta tamu ce mu kaɗai. A Amurka akwai wata dabba dangin damisa da suke kira kuga, wasu su ce zakin dutse. An karkashe ta a gabashin ƙasar tun da daɗewa. Shekaru da dama maharba da manoma na jihohin gabas suna cewa sun gan ta, hukumomin namun daji na jihohi suna ce musu kare kuka gani, ko kyanwar daji, ko kuwa wadda ta tsere daga keji. Har ta kai maharba da yawa suka daina kai rahoto, wasu ma suka shiga zargin cewa hukuma ta san gaskiya tana ɓoyewa. A watan Maris na 2011 Hukumar Kifi da Namun Daji ta Amurka ta ba da sanarwar cewa kugar gabas ta ƙare. Wata uku bayan haka, a watan Yuni, mota ta buge kuga namiji a garin Milford na jihar Konetikat, a can ƙuryar gabas. Da aka auna jininsa sai aka gano daga duwatsun Dakota ta Kudu ya taso, ya yi tafiyar fiye da kilomita 2,400 da ƙafarsa.

A lura da kyau, domin a nan darasin yake. Hukuma ba ta yi ƙarya ba da ta ce irin na gabas ya ƙare, tun da wannan baƙo ne daga yamma. Mutanen da suka ce sun ga kuga a kan hanyarsa su ma ba su yi ƙarya ba. Jami'i na maganar garke mai haihuwa, maharbi na maganar abin da ya gifta a gabansa jiya da magariba. Abin da ya ɓata tsakaninsu shi ne raini. A jihar Mishigan, bayan an daɗe ana wannan ja-in-ja, hukumar jihar ta kafa wata ƙungiyar jami'ai a 2008 don bin rahotannin kuga, su je su duba sawu da hoto, su fito fili su ce wannan gaskiya ne, wannan kuskure ne. Tun daga lokacin aka tabbatar da ganinta sau da yawa, kuma a watan Maris na 2025 aka tabbatar da 'ya'yanta a gundumar Ontonagon, karo na farko cikin fiye da shekara 100. Wa ya ɗauki hoton 'ya'yan? Mutumin gari ne, ba jami'i ba.

Yanzu a kawo maganar gida. Ƙosasshen zaki namiji, in manya suka kore shi daga garke, yawo yake shiga neman wurin kansa, kamar yadda kugar nan ya yi. Daga Arli ta Burkina Faso zuwa Mole bai kai rubu'in tafiyar da wancan ya yi ba. Saboda haka ko da zakin Mole na asali ya ƙare, ba abin mamaki ba ne baƙo ya ratso. In kuwa ya ratso, wa zai fara sani? Na'urar da aka ɗaure a itace shekarun baya aka kwance, ko yaron da ke bin burtali da sanda rani da damina? Na'ura tana ganin taku kaɗan ne a gabanta. Makiyaya da maharba kuwa dubbai ne, sun bazu daga Paga har Buipe, daga Bawku har filayen Afram, ba a biyansu ko sidi ɗaya. Wace gwamnati ce ke da kuɗin ɗaukar masu gadi masu yawan haka? Ga su Allah ya ba ta a banza, ta mai da su abokan gaba.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce mutanen daji na da ƙari a magana, kowace kura a bakinsu zaki ce. Masu bincike ma sun zauna da mutanen ƙauyuka, suka ga labarin baki ya fi abin da na'ura ta gani yawa. Mun ji, kuma ba mu musa cewa ana kuskure ba. A Amurka ma mafi yawan rahotannin kuga kuskure ne. Amma maganin kuskure shi ne a je a duba tun sawu bai goge ba. Tambayar da baƙo zai yi wa mutum rana ɗaya ta bakin tafinta, a kan abin da ya gani shekara biyar baya, dabam take da rahoton da aka kai da safe aka bi shi kafin azahar. Kuma a daina ɗauka cewa mai kiwo bai san bambanci ba. Dattijon ruga ya san sawun zaki da na damisa ba sa nuna farce, domin suna janye shi in suna tafiya, na kura kuwa farcen a fili yake kamar na kare. Ya san dundun tafin zaki kashi uku ne ta baya, na kura biyu. Ya san zaki maƙogwaro ko hanci yake kamawa ya shaƙe, sa'an nan ya ja mushen inuwa. Ya san kura ta baya take farawa, ta yage ciki da nono, ta tattaune ƙashi, kashinta in ya bushe fari fat saboda ƙashin da ta ci. Ya san damisa kan hau itace da ɗan maraƙi ko akuya. Wannan ilmi ne, ko da ba a rubuta shi da Turanci ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ko a ce ma duk kura ce, to sai me? Maraƙin da kura ta ci ba maraƙi ba ne? Binciken da Etotépé Sogbohossou ta yi a kewayen Panjari, inda zaki ke nan da ransa, ya nuna kura ce kan gaba wajen ɓarnar dabbobin gida, ta fi zaki nesa. Ke nan rahoton mai kiwo na da amfani ko ba zaki a ciki, domin shi ne zai nuna inda ɓarna ta yi yawa da lokacin da take yawa. In an ƙi saurarensa, abin da ke biyowa baya kowa ya sani. Mutumin da ya yi asara sau uku ba wanda ya ce masa sannu, wata rana zai sayi maganin ƙwari irin su Furadan ya barbaɗa a mushe. Guba kuwa ba ta tambayar suna. Ta kashe kura, ta kashe dila, ta kashe karen ruga, ta kashe ungulu ashirin a zama ɗaya, in da sauran zaki ɗaya a ƙasar ta haɗa da shi. Tsofaffin mahautanmu sun san yadda ungulu ke rufe rufin mayanka a da, su faɗi nawa suke gani yanzu. Tun 2015 aka sa ungulun nan tamu cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa, kuma guba na cikin dalilan. Ranar da babu ungulu, mushen da ciwo ya kashe zai daɗe a makiyaya, mu ne kuma za mu fara kwasar sakamakon. Ashe shirun da aka tilasta wa makiyayi, naman dajin da ake cewa ana tsarewa shi yake ci.

In ana son shaida cewa sauraren makiyayi na da riba, a tuna da bushiya. Kakanninmu sun ga yadda wannan ciwo ke share garke cikin kwanaki. An yi gangamin allura tun daga 1962, aka sake wani a 1986, amma wuraren da ciwon ya ɓuya a ƙarshe, a gabashin Afirka, ba daga ofis aka gano su ba. Likitocin dabbobi ne suka sauke girman kai, suka zauna a kan tabarma da makiyaya, suka ce ku gaya mana inda kuka ga alamunsa da sunan da kuke kiransa. Da haka aka bi shi har makwancinsa, aka sanar a 2011 cewa bushiya ta ƙare a duniya. Abin da likitan dabbobi ya gane, me zai hana jami'in gandun daji ya gane?

Akwai kuma inda aka gwada da zakin kansa. A dajin Gir na jihar Gujarat a Indiya, makiyayan Maldhari na zaune da shanunsu da ɓaunarsu a cikin zakuna, gwamnatin jiha na biyan diyyar dabbar da aka kashe. Ƙidayar 2020 ta sami zaki 674, ta 2025 ta sami 891. Masana kuwa sun ce zakin Indiya da namu na Afirka ta Yamma dangi ne na kusa. A Kenya dokar namun daji ta 2013 ta tanadi diyyar rai da ta dabbobi, ko da yake ana kukan jinkirin biya. A can ne kuma, a yankin Amboseli, shirin Lion Guardians ya soma a 2007, ya ɗauki samarin Masai waɗanda a da su ne masu kashe zaki, ya ba su albashi su bi sawunsa, su gargaɗi makiyaya, su nemo dabbar da ta ɓata kafin dare. A Namibiya kowace ƙungiyar karkara mai kula da daji tana da littafin da mutanen wurin ke rubuta duk ɓarnar da ta auku. Ba sihiri a cikin wannan duka. An mai da mai asara abokin aiki ne kawai.

Majalisar dokokin Gana ta zartar da sabuwar dokar kula da namun daji a 2023, wadda ta ba tsarin CREMA gindin zama, wato jama'ar karkara su riƙa kula da dajin da ke kewayensu. Madalla. Amma doka a takarda kamar gishiri ne a buhu, sai an zuba a miya. Don haka ga abin da muke nema daga Sashen Kula da Namun Daji na Hukumar Gandun Daji.

Na ɗaya, a ba da sanarwa a rubuce cewa duk wanda ya kawo rahoton ganin zaki, ko damisa, ko ɓarnar kura, ba za a kama shi ko a ci shi tara a kan wannan zuwan ba. A karanta sanarwar a rediyo da Hausa da Fulatanci da Gwanjanci da Dagbanci.

Na biyu, a buɗe wa rahoto ƙofar da mutane suka riga suka amince da ita: ardo, da sarkin zango, da shugaban kasuwar shanu, da malamin dabbobi. Kowannensu ya sami littafi da lambar wayar jami'in da zai kira.

Na uku, rahoto in ya zo a bi shi cikin kwana biyu, kuma a dawo wa mai shi da amsa. In kura ce a ce masa kura ce, a nuna masa dalili. Kowace shekara a bayyana wa jama'a rahoto nawa aka samu, nawa aka tabbatar.

Na huɗu, a kafa asusun diyya daga kuɗin da baƙi masu yawon buɗe ido ke biya a ƙofar Mole. Ba daidai ba ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na biyar, a ba makiyaya kujera a kwamitocin CREMA na kewayen gandaye, a kuma ɗauki 'ya'yansu da 'ya'yan maharba aikin bin sawu.

Sa'an nan mu juyo kanmu, domin gyara ba ya tafiya da ƙafa ɗaya. Ya ku masu garke da ke zaune a Nima da Maamobi da Sabon Zango da Madina, ku ja kunnen yaranku. Guba a mushe haramun ce a ƙungiyance, wanda ya yi kada ya zo neman mu tsaya masa. Wanda ya ga sawu ya ɗauki hotonsa da waya, ya ajiye kwalin ashana a gefe don a gane girmansa, ya kife ƙwarya a kai kada shanu su tattake, ya riƙe rana da sunan wurin. Wanda bai tabbata ba ya ce ban tabbata ba. Yaron da ya sayar da maraƙi a ɓoye ya ce zaki ne, ya cuci ubangidansa, ya kuma cuci duk mai gaskiyar da zai zo bayansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A gyara shingen kwana, a daina barin 'yan maruƙa a daji bayan magariba. Ma'aikatan gandun nan kuma 'ya'yan talakawa ne irinmu, albashinsu kaɗan, wasunsu sun rasa rayukansu a hannun ɓarayin daji. Rigimarmu da tsarin da aka ɗora su a kai ne, kada wani ya ɗaga musu sanda.

A tsakiyar tambarin ƙasar Gana akwai hoton zaki na zinariya. Abin kunya ne a ce ƙasar da ta sa zaki a tambarinta ba ta iya faɗin ko tana da shi a dajinta, alhali mutanen da za su taimaka mata ta sani suna nan, suna sauke shanu a Turaku kowace safiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun miƙa namu, muna jiran na hukuma, kuma za mu ci gaba da tambaya a wannan shafi har sai an ba mu amsa.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya kiyaye masu kwana a daji, ya ba shugabanni kunnen sauraro. Wassalam.